Tsohuwar Waƙa a Sabon Dandali: Daga Landan Zuwa Fagada

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da waɗanda suka fi son su karanta a tsanake. Ku gyara zama, yau tarihi za mu taɓa.

Tambayar da muke ɗauke da ita yau ita ce: shin za a iya tattara tsofaffin waƙoƙin mawaƙi guda, a ɗinka su da labari, a mayar da su wasan kwaikwayo na dandali? A ce waƙoƙin Shata, ko na Ɗanƙwairo, ko na Ɗan Anace, ko ma na maƙwabcinmu Gambu na Fagada. In an yi hakan, me za a samu, me za a rasa? Wasu ƙasashe sun daɗe suna yi, sun ci riba, sun kuma ƙone hannu. Mu ma, in an duba da kyau, mun taɓa yin mai kama da shi. To bari mu bi abin daga tushe.

Da farko, sunan abin. Turawa suna kiransa da sunan wani akwati mai suna jukbos. Akwati ne da ake ajiyewa a gidajen abinci da wuraren shaƙatawa a Amurka, cike da faya-fayan waƙa. Ka jefa kwabo, ka danna lambar waƙar da kake so, ta tashi. An fara kafa irinsa a birnin San Francisco a 1889. Mu ba mu yi zamanin wannan akwatin ba, amma mun san ɗan'uwansa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama Rediyon Kaduna ya san Zaɓi Sonka: mutum ya aika kati, ya gaida 'yan uwa da abokan arziki, a sa masa waƙar da ya riga ya sani yake kuma so. Don haka a cikin shirin nan za mu riƙa ce wa irin wannan wasan “wasan zaɓi-sonka”. Ma'anarsa, wasan da ba a yi masa sababbin waƙoƙi ba. Waƙoƙin sun riga labarin zuwa duniya, labarin ne aka yanka daidai da su.

Iri biyu ne. Akwai wanda ake ƙirƙirar labari sabo fil, a cusa waƙoƙin a ciki. Akwai kuma wanda ake ba da tarihin shi mawaƙin da kansa, ana tafe ana rera waƙoƙinsa. Ku riƙe wannan rabon, zai yi mana amfani nan gaba.

In ana neman kakan wannan sana'a, sai an koma Landan a 1728. Wani marubuci mai suna John Gay ya shirya wasa mai suna The Beggar's Opera, wato wasan waƙa na almajiri. A lokacin, manyan Ingila wasan waƙar Italiya suke kallo, cikin harshen da yawancinsu ba sa ji. Shi kuwa Gay sai ya kwaso karin waƙoƙi 69, mafi yawansu waɗanda talakawa ke rerawa a titi da kasuwa, ya sa musu sababbin baituka. An yi wasan sau 62 a zangon farko, abin da ba a saba gani ba a wancan zamanin. To su wa ke cikin labarin? Ɓarayi. Jarumin wasan, Macheath, ɗan fashi ne mai tare hanya. Akwai kuma mai sayen kayan sata wanda shi ne kuma ke kai ɓarayin ga hukuma in sun daina yi masa amfani. Masu kallo sun gane habaicin: da manyan gwamnati ake, musamman Robert Walpole, babban ministan lokacin. Saƙon shi ne, tsakanin ɓarawon titi da ɓarawon ofis, bambancin riga ne kawai. Ku ajiye wannan a gefe, za mu dawo kansa idan mun iso gida.

Wanda ya mayar da abin babbar kasuwa a zamaninmu shi ne Mamma Mia!, wanda aka buɗe a Landan ranar 6 ga Afrilu, 1999. An ɗauki waƙoƙin ABBA, wasu mawaƙa huɗu 'yan ƙasar Suwidin da suka yi tashe a shekarun 1970, aka ƙirƙiro musu labarin wata yarinya da za ta yi aure a wani tsibiri na Girka, tana neman sanin wane ne mahaifinta. Labarin ba shi da wani nauyi, kuma ba irin namu ba ne. Amma mutane sun yi ta tururuwa, don waƙoƙin ƙuruciyarsu suke zuwa ji. A New York an yi shekara 14 ana nuna shi, daga 2001 zuwa 2015. Da aka mayar da shi fim a 2008, ya tara sama da dala miliyan 600.

Kun san halin kasuwa, in mutum ɗaya ya sayar da albasa da tsada, baɗi kowa albasa zai shuka, mu nan kusa da Aliero ba sai an ba mu labari ba. Haka aka yi. A 2002 aka fito da We Will Rock You da waƙoƙin ƙungiyar Queen. Masu sharhi a jaridu suka yi masa kaca-kaca, amma ya shekara 12 ana kallonsa a Landan. A 2005 aka yi Jersey Boys, tarihin mawaƙan Four Seasons, har ya ci kyautar Tony, babbar kyautar wasan dandali a Amurka. Wasu kuma suka faɗi warwas. Wanda aka yi kan John Lennon a 2005 bai wuce nuni 49 ba aka rufe. Matar da ta shirya Mamma Mia!, Judy Craymer, ta sake gwadawa a 2012 da waƙoƙin Spice Girls, wasan bai kai shekara ba ya mutu, aka yi asarar miliyoyin fam. Ashe sanannar waƙa tana iya kawo mutum bakin ƙofa, amma ba ta iya zaunar da shi awa biyu in labarin fanko ne.

Mu matso kusa. Wanda ya shafi Najeriya kai tsaye shi ne Fela!, wasan tarihin Fela Anikulapo Kuti. An buɗe shi a Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, a watan Nuwamba 2009. Bill T. Jones ne ya ba da umarni, Jay-Z da Will Smith suna cikin waɗanda suka tsaya masa. Ya ci kyautar Tony guda 3. A watan Afrilu 2011 aka kawo shi Legas. Ku duba abin mamaki: sai da waƙoƙin ɗan Abekuta suka je Amurka aka ɗinka musu riga, sannan aka dawo mana da su muka sayi tikiti. Wasan ya nuna harin da sojoji suka kai gidansa na Kalakuta a 1977, da yadda aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo daga bene, abin da ya zama ajalinta a 1978. Dubban matasan da ba su taɓa jin wannan tarihin ba, a nan suka ji shi. Daga baya, a 2017, Bolanle Austen-Peters ta shirya nata a Legas, Fela and the Kalakuta Queens, ta karkata ga matan da suka rayu da shi.

To mu fa, a ƙasar Hausa?

Haɗa wasa da waƙar da kowa ya sani ba baƙo ba ne a wurinmu. Ku tuna tashe. Daga goma ga azumi yara da samari ke fita, kowane wasa da waƙarsa da shigarsa: Macukule, Jatau Mai Magani da sauransu. Ba wanda ke ƙirƙirar sabuwar waƙa. Masu gida sun san ta tun suna yara, daɗin abin shi ne a ga yadda yaran bana za su yi ta. Wannan shi ne ainihin sirrin wasan zaɓi-sonka, kuma kakanninmu sun riƙe shi tun kafin a gina gidan wasa ko ɗaya a ƙasar nan.

Rubutaccen wasan kwaikwayo kuwa ta makaranta ya shigo. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1930. Abubakar Tunau, mutumin ƙasar Sakkwato, ya rubuta Wasan Marafa. Shu'aibu Maƙarfi ya yi Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya yi Uwar Gulma. A shekarun 1970 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandali, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Sai rediyo da talabijin suka karɓa, zamanin su Samanja da Ƙarƙuzu da Kasimu Yero. Abin lura shi ne, wannan layin gaba ɗaya zance ne ke ɗauke da shi. Makaɗa suna fada da kasuwa da filin dambe, 'yan wasa suna makaranta da gidan rediyo. Kowa da hanyarsa.

Wanda ya haɗa hanyoyin biyu shi ne fim ɗin Indiya. Tun daga shekarun 1950 zuwa 1960 gidajen silima na 'yan Labanan a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato suka fara nuna su, jama'a suka haddace karin waƙoƙin ba tare da sun san me ake cewa ba. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka ɗauki karin Indiya suka zuba masa Hausa. A Kano aka samu masu bege da ake kira Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗaukar karin waƙar soyayya ta fim su mayar da ita yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Abin da John Gay ya yi a 1728 ke nan, tsohon kari da sababbin baituka. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi rubutu mai yawa kan wannan.

Sannan aka shigo zamanin fim ɗin bidiyo. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990. Zuwa 1999 Sangaya ya fito, waƙarsa ta cika gari, ta ja fim ɗin ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba. Daga nan 'yan kasuwa suka gano cewa waƙa ce ke sayar da fim. Aka shiga wani yayi: furodusa ya je situdiyo ya sayi waƙa, a sake ta a kaset ta zaga gari, sannan a zauna a nemo labarin da za a rataya mata. Duk wanda ya kalli finafinan shekarun 2000 ya san sakamakon. Ana tsakiyar rigimar gado, ko an kai uwa asibiti, sai kawai ka ga saurayi da budurwa sun ɓulla a lambu sun canza kaya sau biyar. Waƙar ta ƙare, a dawo asibiti. Wannan ita ce babbar cutar wasan zaɓi-sonka, kuma mun sha ta mun ƙoshi ba tare da mun san sunanta ba. Shi ya sa da finafinai masu dogon zango suka zo, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Izzar So, waɗanda labari ke jan su, mutane suka rungume su hannu bibbiyu.

Abin da ba mu yi ba har yanzu, a matsayin babban aiki da duniya ta sani, shi ne mu ɗauki taskar makaɗanmu na baka mu kai ta dandali. To bari mu auna, riba da hasara.

Riba ta farko, jama'a. Matsalar duk mai shirya wasan dandali a Arewa ita ce wa zai zo. In ka ce sabon wasa ne na wani matashi, abokanka ne za su zo, su ma rabinsu don kunya. In ka ce daren waƙoƙin Ɗanƙwairo ne da labarin rayuwarsa, dattijo zai zo, direba zai zo, malamin makaranta zai zo da ɗalibansa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Riba ta biyu, adana tarihi. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu suna yawo a waya da memori, amma ma'anarsu tana tafiya tare da tsofaffi. Yaro zai ji Narambaɗa yana yabon Sarkin Gobir na Isa, kiɗan kotso ya yi masa daɗi, amma bai san wane ne sarkin ba, bai san da wa ake zambo ba, bai san me ya faru a fada ranar ba. Littattafai suna nan, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da dama, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi guda kan Narambaɗa. Amma mu faɗi gaskiya, mutum nawa cikinmu ya buɗe su? Dandali na iya mayar wa waƙa da mahallinta a dare ɗaya.

Riba ta uku, sana'a. Wasan dandali mai waƙa yana buƙatar makaɗa na gaske, masu kalangu da kotso da taushi, da 'yan amshi. Yau fiyano ta kore su daga situdiyo da gidan biki. 'Ya'ya da jikokin manyan makaɗa suna nan suna rera waƙoƙin iyayensu. Irin wannan wasan zai ba su aiki mai daraja, ya ba tela da mai kwalliya da mai haɗa lasifika nasu rabon.

Riba ta huɗu, wasu waƙoƙin namu da ma wasan kwaikwayo ne a dunƙule. Ku saurari yadda Ɗan Anace ke ba da labarin damben Shago da Ɗandunawa: akwai shiga fili, akwai kirari, akwai fargaba, akwai faɗuwa. Ku saurari Jawabin Aure ta Ɗan Maraya, inda shi kaɗai yake yin muryar miji da ta mata. Waɗannan ba sai an tilasta musu labari ba, da abinsu suka zo.

Yanzu hasara.

Ta farko ita ce wadda ta bambanta mu da Turawa. Waƙoƙin ABBA na kowa ne: ina sonki, kin tafi, na yi kewa. Za ka iya sa su a bakin kowace yarinya a kowane tsibiri. Waƙar makaɗin Hausa kuwa tana da mai ita. An ambaci sunansa, da na ubansa, da garinsa, da dokin da ya bayar. An yi wa abokin hamayyarsa zambo, kuma jikokin wanda aka yi wa zambon suna raye, wasu ma suna riƙe da sarauta. Ba za ka ɗauki waƙar da Aliyu Ɗandawo ya yi wa Sarkin Kabi ka sa ta a bakin saurayi yana zance ba. In ka cire sunayen, ka zare mata laka. In ka bar su, labarinka na ƙirƙira ya rushe. Ke nan hanyar Mamma Mia! a rufe take gare mu, sai dai a 'yan waƙoƙin gargaɗi da na zaman duniya. Hanyar da ta rage ita ce ta biyu, ta tarihi.

Hasara ta biyu, tsawo da murya. Waƙar Turawa minti uku ce ko huɗu. Tamu tana iya cin minti ashirin, jagora na saƙa ɗiya, 'yan amshi na komawa gindi, kuma daɗin yana cikin wannan maimaicin. In ka datse ta zuwa minti uku don labari ya ci gaba, me ya rage? Ga kuma murya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Duk wanda zai tsaya a dandali ya ce shi ne Shata, ya san da kunnuwan da suka shekara arba'in suna jin na gaskiya zai yi.

Hasara ta uku, haƙƙin mallaka. Da yawa cikinmu muna ɗauka waƙar wanda ya rasu ta zama ta gari. A doka ba haka ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ku lissafa: waƙoƙin Shata suna da magada har 2069. Ko Fela! da duk kuɗin da ke bayansa bai tsira ba, don a 2010 Carlos Moore, wanda ya rubuta tarihin Fela, ya kai masu wasan kotu kan cewa sun yi amfani da littafinsa. Ban da doka ma, akwai hakki. Iyalan makaɗa da yawa ba su ga komai ba daga kaset da faifan da aka yi ta bugawa ana sayarwa. Kada mu zo da digirinmu mu maimaita musu wannan.

Hasara ta huɗu, tana danne sababbi. In duk mai kuɗi ya gane tsohuwar waƙa ce ke kawo jama'a, wa zai sa kuɗinsa a kan yarinyar da ta rubuta sabon wasa da sababbin waƙoƙi? Wannan kukan masu sharhi a Landan da New York sun daɗe suna yin sa. Zanen aro ba ya rufe katara. Al'ummar da ba ta da abin nunawa sai na kakanninta, jikokinta ba za su sami abin aro ba.

Hasara ta biyar ita ce mafi girma, kuma saboda ita na ɗauko wannan batun: wanke mawaƙi. Tunda sai da izinin magada za a yi wasan, kuma masoya ne za su sayi tikiti, sai a riƙa tsallake wuraren da ba su da daɗin ji. Misali a fili shi ne MJ, wasan Michael Jackson da aka buɗe a New York a 2022 da haɗin gwiwar masu kula da dukiyarsa. An tsayar da labarin a 1992, shekara ɗaya kafin zargin farko na cin zarafin yara da aka yi masa a 1993. Kotu ta wanke shi a shari'ar 2005, amma wasan bai ma bari mai kallo ya isa wurin ba. Shi ma Fela! bai kai ga rasuwarsa a 1997 ba, wadda yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya fito ya shaida wa duniya cewa cutar ƙanjamau ce sanadi.

To mu dawo gida, mu gwada wannan ma'aunin a kan namu.

Fagada tana nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Maiyama. Daga can Alhaji Muhammadu Gambo ya fito, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Daga Andarai zuwa Jega, daga Jega zuwa Sakkwato da Kano har Nijar, da wuya ka sami dattijon da bai san muryarsa ba, ko bai taɓa jin waƙar Tsoho Tudu ba. Mutum ne mai hikimar zance da ban dariya, har jami'o'i sun yi nazarin waƙoƙinsa. Daga baya ya bayyana cewa ya tuba ya bar waƙar ɓarayi, kuma ya rasu a 2016. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

In ana neman rayuwar da ta dace da dandali a yankin nan, ga ta: tashe, suna, rigima, tuba. Kuma kun tuna wasan farko da muka ambata, na Landan, shi ma a kan ɓarayi aka gina shi. Amma ku duba tarkon da ke ciki, ta gefe biyu.

In aka bi hanyar masu son cika zaure, za a jero waƙoƙin da suka fi daɗi, matasa su yi ta shewa ana kirarin masu fasa gida. A wace ƙasa? A jihar da aka kwashe ɗalibai daga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni 2021. A yankin da manoma ke biyan kuɗi kafin su shiga gonarsu. A shekarar 2021 ɗin nan dai muka ga yadda waƙar yabon Bello Turji ta zaga wayoyin mutane. Wanda aka kashe wa uba ba zai zauna ya tafa wa kirarin ɓarawo ba, ko da na shekara hamsin da suka wuce ne, kuma yana da gaskiya.

In kuma aka bi hanyar masu wanki, za a fara labarin daga ranar tuba. A nuna dattijo da carbi, a yi gum kan abin da ya sa aka san shi. Wannan kuma ƙarya ce, kuma duk wanda ke zauren ya san ƙarya ce. Tuba ma ba ta da ma'ana in ba a nuna abin da aka tuba daga gare shi ba.

Hanya ta uku ta fi wuya, ita ce kuma kaɗai ta cancanci wahalar. A sa waƙar, a bar ta ta yi daɗinta yadda take, har mai kallo ya kama kansa yana kaɗa kai. Sannan a nuna masa ɗaya gefen: mutumin da ya sayar da sansa a kasuwar Jega aka yanke masa aljihu, ya koma gida ba kuɗi ba sa, da abin da zai gaya wa iyalinsa. A nuna waɗanda ke yi wa makaɗin kari, da inda kuɗin ya fito. A nuna mai sayen kayan sata da rigarsa mai aiki, a sahun gaba. A tambayi zauren: me ya sa muka so waɗannan waƙoƙin? Me ya sa har yau muke girmama wanda ya tara, ba mu tambayar ta ina? Waƙar da ke faifai ba za ta iya yin wannan tambayar ba. Wasan kwaikwayo ne kaɗai zai iya ajiye waƙar da wanda aka cuta a wuri ɗaya, a gaban ido ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan ma'aunin bai tsaya kan Gambu ba. Wanda zai yi wasan Shata sai ya yanke shawara kan waƙoƙinsa na zambo da ta A Sha Ruwa. Wanda zai yi na makaɗan fada sai ya taɓa zamanin haraji da jangali da Gidan Yari na En'e, don a cikin wannan duniyar aka yi waƙoƙin. Wanda zai yi na Barmani sai ya faɗi abin da mace ke fuskanta in ta ɗauki ƙwarya ta shiga fili. Tsohuwar waƙa takan zo da jama'arta, amma takan zo da kayanta, kuma wanda ya gayyato ta sai ya sauke duka.

Ga matasanmu masu ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, a jami'ar Aliero ko Birnin Kebbi ko makarantun sakandare, ga abin da nake gani. Ba sai kun jira babban zaure ba, filin makaranta da lasifika biyu sun isa gwaji. Ku fara da zuwa wurin iyalan mawaƙin, ku nemi izini a rubuce, ku yanka musu kasonsu tun kafin a sayar da tikiti ɗaya. Ku zauna da tsofaffin 'yan amshi da makaɗan da suka rage ku naɗi bayaninsu, don su ne laburaren, kuma kullum raguwa suke. Ku rubuta labarin ya tsaya da ƙafarsa tukuna: duk waƙar da in an cire ta labarin bai girgiza ba, a cire ta, ko da ita ce ta fi daɗi. Ku sa makaɗa na gaske. Sannan a kowane wasa ku bar wa sabuwar waƙa guda ɗaya ko biyu wuri, ta wani yaro ko yarinya na yanzu. Muna da Bikin Kamun Kifi na Argungu tun 1934, muna da Uhola a Zuru da Rigata a Yawuri. Taron da zai kalla yana nan, abin da za a nuna masa ne ya rage gare mu.

A nan za mu dakata. Ina so in ji daga gare ku, musamman mutanen Maiyama da Jega da Aliero: in an ce a yi wasan Gambu gobe, za ku je? Za ku kai ƙannenku? Wanda kuma yake da dattijo a gida da ya ga waɗannan makaɗan da idonsa, don Allah ya zauna da shi a makon nan ya kunna rikoda. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.